Muhammad al-Katsinawi

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi (ya rasu a shekarar 1741) malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina, masanin lissafi da taurari da nahawu da mandiƙi. An fi saninsa da rubuce-rubucensa a kan ilimin aufaƙi, wato jera lambobi a cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya. Ba da lissafi ya fara karatu ba. Ɗalibin lugga da adabi ne, har malaminsa ya yi masa laƙabi da Sibawaihi, sai daga baya ya zauna gaban wani malamin ya ɗauki hisabi. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1730, ya zauna a Makka, sannan ya ƙarasa rayuwarsa a birnin Alƙahira, inda Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a ƙarni na 18, ya yi karatu a wurinsa.

Suna da asali

Littattafan Larabci suna rubuta laƙabinsa al-Kashnawi ko al-Kishnawi, daga Kashna, sunan da marubutan Larabci suke kiran Katsina da shi. Ana kuma ƙara masa al-Sudani, wato mutumin ƙasar baƙar fata, da al-Danrankawi, wanda ke nuni ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina.

Mafi yawan abin da aka sani na rayuwarsa ya fito ne daga littafin Aja'ib al-Athar na masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, ɗan Hasan al-Jabarti. Shi Abdurrahman an haife shi ne bayan rasuwar al-Katsinawi da shekara goma sha wani abu, amma a gidan mahaifinsa baƙon ya rasu, kuma a hannun mahaifin nasa ya bar littattafansa. Cikin abin da ya dogara da shi akwai jerin malamai da al-Katsinawi ya rubuta da kansa, inda ya faɗi wanda ya karantar da shi da littafin da ya karanta a wurin kowa.

Katsina a zamaninsa

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina tana cikin manyan biranen kasuwanci da ilimi a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma daga Agadas da garuruwan da ke bayan Sahara suna sauka a can, kuma tare da hajar fatake ake shigo da takarda da littattafai. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu al-Maghili ya ziyarci birnin, kuma hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta zama alamar wannan tarihi. Kafin al-Katsinawi an yi malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a shekarar 1667.

Ƙasar Katsina ta wancan lokaci ta wuce iyakar jihar Katsina ta yau, domin ta haɗa da yankunan da yanzu suke cikin Jamhuriyar Nijar, har da Maraɗi. Iyakar da matafiyi yake tsallakawa a yau tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, fiye da shekara 160 bayan rasuwarsa. A zamaninsa almajiri yana bin malami ne duk inda yake, ko a Katsina, ko a Barno, ko a Bagarmi, kuma shaidar karatunsa ita ce sunan malamin da littafin da ya sauke a gabansa.

Karatun harshe

Al-Katsinawi ya ambaci malamai huɗu da ya yi karatu a wurinsu kafin ya bar ƙasar Sudan: Muhammad al-Wali ɗan Sulaiman na Bagarmi, da Shaihu Hashim, da Muhammad Fudu, da Muhammad Bindu. Al-Wali sananne ne a fannin tauhidi. Shi ne mai littafin al-Manhaj al-Farid, wanda ya mayar da sharhin da ake yi da Fulatanci a kan ƙaramar aƙidar Sanusi zuwa Larabci.

A wurin Muhammad Fudu ne karatunsa ya fara buɗewa. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya idan malamin ya yi tafiya, ya karanta mafi yawan littattafan adabi a gabansa. Ya haddace Maƙamat na al-Hariri, littafin da ke ɗauke da labarai 50 cikin Larabci mai tsauri, wanda malaman zaure har yau suke gwada ƙarfin luggar ɗalibi da shi. Haddar ta zauna masa har idan aka ambaci kalma ɗaya daga cikin littafin, nan take yake kawo wadda ta gabace ta. Saboda haka malamin ya fara kiransa da mai Maƙamat. Da ya ƙware a sarfu da nahawu sai ya canza masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawu na Basra a ƙarni na 8, wanda shi ma asalinsa ba Balarabe ba ne, Bafarishe ne.

Shigarsa fagen lissafi

A wurin Muhammad Bindu ya ɗauki hisabi, da ilimin lokuta, da ilimin haruffa da aufaƙi, duka a bisa tsarin malaman Magrib. A wurinsa kuma ya karanta usulu, da balaga, da mandiƙi, da Alfiyyar al-Iraƙi ta ilimin hadisi, da littattafan aƙida shida na Sanusi. Ya saurari Sahihul Buhari, ya karanta kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil, da kusan sulusin wata waƙar tauhidi mai baiti 1,500 ta Ibn Zakri, malamin Tilimsan da ya yi zamani da Sanusi.

A tsarin karatun zaure, buƙatun addini ne suke kai ɗalibi ga lissafi. Mai rabon gado dole ya iya haɗa kaso daban-daban. Idan mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya ɗaya da uwa, matar tana da sumuni, 'yar tana da rabi, uwar tana da sudusi. Sai an nemo ƙaramar lambar da 8 da 2 da 6 duk suke raba ta daidai, wato 24, sannan matar ta sami 3, 'yar 12, uwar 4, saura 5 na dangin da ke cin ragowa. Haka mai fitar da lokacin salla yana buƙatar auna inuwa da sanin tafiyar rana da manzilolin wata, mai neman alƙibla kuma yana buƙatar sanin taurari.

Ilimin haruffa shi ne gadar da ke tsakanin fannin da ya fara da shi da wanda ya koma. A tsarin abajada kowane harafin Larabci yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1,000. Sunan Muhammad, alal misali, mim 40 ne da ha 8 da mim 40 da dal 4, jimla 92. Da wannan tsari marubuta waƙoƙin ajami suke yin ramzi, wato ɓoye shekarar da aka gama waƙa a cikin kalma. Mutanen Magrib da na gabas sun saɓa a kan haruffa shida. A Magrib, wanda shi ne tsarin da ƙasar Hausa ta gada, shin ne 1,000, a Masar kuwa gain ne. Don haka shekarar rasuwarsa ta Hijira, 1154, malamin Katsina zai rubuta ta da shin, ƙaf, nun, dal, malamin Alƙahira kuma ya fara da gain.

Yadda yake karatu

Al-Jabarti ya kawo bayanin da al-Katsinawi ya yi a kan ɗabi'arsa ta karatu. Bai taɓa karatu da littafin aro ba. Idan zai fara littafin da ba shi da shi, sai ya kwafe matanin da hannunsa, ya bar fili mai yawa tsakanin layi da layi. A wannan fili yake rubuta abin da ya zaɓo daga sharhohi, da bayanin da ya ji daga bakin malami lokacin darasi. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da yake yi. Idan ya sami hali, har sharhin da hashiyarsa yake kwafewa gaba ɗaya.

A lokacin babu ɗab'i a ƙasar Hausa, takarda kuma daga bayan Sahara ake kawo ta, saboda haka wannan aiki ne mai cin lokaci da dukiya. Amma ɗalibin da ya bi wannan hanya yana tashi daga gaban malami da littafinsa na kansa, wanda ya bi kowace kalma a cikinsa da alƙalami. Ya kuma bayyana cewa ba wahala ce ta fitar da shi daga gida ba, domin yana cikin rufin asiri da jin daɗi tare da iyalinsa. Son ilimi ne ya sa ya zaɓi baƙunci da haɗarin hanya.

Tafiya gabas

Bayan ya nemi izinin malaminsa, ya kama hanyar Hajji. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani gari da ke kan hanya ya yi wata biyar a wurin wani malami, inda ya karanta ilimin ramli, wanda Hausawa ke kira bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Ya rubuta labarin wannan tafiya a wani littafi na daban.

Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, wanda ya kammala gyaransa a Alƙahira a watan Rajab na shekarar 1146, wato wajen ƙarshen 1733.

Zama a Alƙahira

A Alƙahira ya fara sauka ne a unguwar Darb al-Atrak, kusa da Masallacin Azhar. A nan Hasan al-Jabarti ya same shi. Hasan, wanda aka haifa a shekarar 1698 ya rasu a 1774, malamin fiƙihun Hanafiyya ne da ya shahara a falaki da lissafi da ƙera kayan auna lokaci, kuma asalin danginsa daga yankin Zaila ne a gabashin Afirka. Duk da matsayinsa ya zauna gaban baƙon Katsina ya ɗauki ilimin aufaƙi. Cikin abin da ya karanta a wurinsa akwai littafin al-Durr wa al-Tiryaƙ, da hatimi mai gida biyar-biyar da ake barin tsakiyarsa fanko, da ƙa'idojin warware haruffa zuwa lambobi.

Daga baya Hasan ya sauke shi a gidansa tare da matarsa da mutanen gidansa. A wannan gida al-Katsinawi ya ƙarasa mafi yawan littattafansa, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Ilimin hatimi

Abin da Larabawa ke kira wafƙi, jam'insa aufaƙ, shi Hausawa suka sani da hatimi. Zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, a zuba lambobi daga 1 zuwa adadin gidajen ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda layin kwance da na tsaye da wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa duk za su ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi a nan 15 ne. Lambobin da ke kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mayar da su haruffa suna ba da ba, dal, wau, ha, shi ya sa ake kiran wannan hatimi buduhu. Ana iya sanin jimlar layi tun kafin a zana hatimin: a tara dukan lambobin, a raba da yawan layukan. Mai biyar-biyar yana da gida 25, jimlar 1 zuwa 25 ita ce 325, idan aka raba biyar kowane layi ya sami 65. Mai bakwai-bakwai 175 ne, mai tara-tara 369, mai sha ɗaya-sha ɗaya 671.

Rubutun al-Katsinawi da masana tarihin lissafi suka fi nazari, wanda ake sanya kammala shi a shekarar 1732, ya yi bayanin hanyoyin gina hatimin da yawan layukansa wutiri ne, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3, 5, 7 da 9. Ɗaya daga cikin tsoffin hanyoyin da malaman wannan fanni suka gada ita ce a sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan kowace lamba ta gaba tana sauka gida ɗaya ƙasa, ta matsa gida ɗaya dama. Idan tafiyar ta fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan ta fita ta dama sai a shigo ta hagu. Idan aka tarar da gidan a cike, sai a sauka gida biyu kai tsaye daga lambar da aka rubuta a ƙarshe. Wannan ƙa'ida ce take fitar da buduhu, kuma ita ce take fitar da wannan:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Amfanin irin wannan ƙa'ida shi ne ba ta tsaya ga hatimi ɗaya ba. Tana aiki ga kowane wutiri komai girmansa, ba sai an yi ta gwaji da gogewa ba. A cikin rubutun nasa ya yi wa ɗalibi nasiha da kada ya karaya kafin ya kai ga abin da yake nema, kuma ya yi aikinsa a keɓe.

Fannin ya girme shi da ƙarnoni. Mutanen Sin sun san hatimi mai uku-uku tun da daɗewa, Ikhwan al-Safa na Basra da Abul Wafa al-Buzjani sun yi rubutu a kansa a ƙarni na 10. A Turai, Simon de la Loubère na Faransa ya buga wata hanya mai kama da wannan a shekarar 1691 bayan dawowarsa daga Siyam, Leonhard Euler kuma ya yi nasa nazarin a 1776. Aikin al-Katsinawi shi ne tattara hanyoyin magabata da warware inda suka rikice, kamar yadda sunan littafinsa Bahjat al-Afaƙ ya nuna, domin cikon sunan yana magana ne a kan bayyana abin da ya cakuɗe da abin da ya kulle.

Littattafansa

Al-Durr al-Manzum wa Khulasat al-Sirr al-Maktum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa, ya gina shi a kan al-Sirr al-Maktum da ake dangantawa da Fakhruddin al-Razi. An buga shi a Alƙahira a ƙarni na 20.

Bahjat al-Afaƙ, a kan ilimin haruffa da aufaƙi.

Sharhin al-Durr wa al-Tiryaƙ, shi ma a kan aufaƙi.

Minah al-Ƙuddus, waƙa ce a kan mandiƙi, tare da babban sharhinta mai suna Izalat al-Ubus, wanda ya kai kimanin ƙunshin takarda 60.

Bulug al-Arab min Kalam al-Arab, a kan nahawu. Wannan ya nuna bai saki fannin da ya fara da shi ba ko bayan ya yi suna a lissafi.

Saɓanin malamai a kan fanninsa

A zamanin al-Katsinawi ba a raba lissafin hatimi da amfani da shi a laya da neman asiri ba, kuma littattafansa sun ƙunshi ɓangarorin biyu. Tun bayan Ahmad al-Buni, malamin ƙarni na 13 da ake danganta wa Shams al-Ma'arif, aka fi sanin aufaƙi ta wannan fuska. Malamai sun daɗe da saɓani a kai. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya sa ilimin asirin haruffa a sahun abubuwan da ke kusa da sihiri, kuma malamai da yawa a ƙasar Hausa a yau suna hana aiki da shi. Wasu kuma, kamar mutanen da al-Katsinawi ya zauna da su a Alƙahira, sun ɗauke shi fanni ne da ake karantawa tare da falaki da hisabi.

Masana tarihin lissafi suna duba ɓangaren ƙa'idojin ne. Ko mutum ya yarda da asirin da ake danganta wa hatimi ko bai yarda ba, kowa yana iya ɗaukar alƙalami ya tara layukan ya ga ko jimlar ta fita daidai.

Rasuwa

Al-Katsinawi ya rasu a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Kafin rasuwarsa ya naɗa Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. An binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustan al-Ulama, wato lambun malamai. Hasan ya gina alama a kan kabarin, aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bincike a kansa

A shekarar 1962 A. D. H. Bivar da Mervyn Hiskett sun sa shi cikin nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Najeriya kafin 1804. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan jihar Kano, ya wallafa nazari a Ibadan a kan yadda al-Katsinawi ya yi bayanin ramzi. Claudia Zaslavsky ta Amurka ta gabatar da hatiminsa ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts na 1973, abin da ya sa sunansa ya shiga darussan tarihin lissafi a makarantu da yawa. A 1994 Jacques Sesiano na Suwizalan ya yi nazarin hanyoyinsa na gina hatimin wutiri. Akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi a ɗakin karatun Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.